Ka Aiki Baba Ilu

Ƙofar Sauri,
Katsina.

Zuwa ga Mai Sunan Malam, maigidana da ya gudu ya bar ni,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ya aiki, ya gajiya, ya baƙunta a sabon ɗaki? Ya kuma haƙuri da girkin hannunka, wanda na tabbata ko kajin maƙwabta sai sun yi shawara kafin su sa baki? Allah ya tsare mani kai a fita da shiga, ya raba ka da sharrin mutum da na hanya, ya sa kujerar nan da aka ɗora ka ta zame maka alheri. Mu nan lafiya lau, sai ƙafa, ita kuwa ta daɗe da zama 'yar gida.

Kada ka sa ran labarin unguwa. Wadda ta haihu ta haihu, waɗanda suka yi faɗa sun shirya, in kana son ji ka zo da ƙafarka. Kuma kada ka ce me ya hana ni kiran waya. Na san ka. "To Hajiya, to Hajiya, in sha Allahu Hajiya," sai in ji ɗif, ka kashe. Takarda kuwa ba ka iya kashe ta. Ka yi haƙuri da rubutun, yatsun nan tafireta suka sani, biro baƙo ne gare su. Ga shi kuma tun da na fara na kasa zama wuri ɗaya: in rubuta layi biyu, in tashi in leƙa zaure, in dawo. Dalilin leƙen za ka ji shi a gaba.

Ranar da ka kwashe kayanka daga shagon ƙofar gida ka koma can kusa da ofis, na yi kuka kaɗan, na yi taƙama da yawa. Duk wadda ta shigo sai na gaya mata: jikana ne yanzu ke riƙe da ma'aikatan da ke yi wa lauyoyin gwamnati hidima, akawu da masu buga takardu da direbobi da masinjoji da masu shara, kowa daga bakinsa yake jin aikin ranar. Har maƙwabciyarmu ta rage shigowa don ta gaji da ji. Ashe ina nan ina baza taƙama, kai kana can kana ɓuyar wa masinja ɗaya.

Baba Ilu nake nufi. Ba sai na tuna maka ko wane ne ba, amma zan tuna maka, don na ji an ce kujera na sa mantuwa. Aminin mahaifinka ne tun suna wasan ƙasa, da hannunsa ya sa shi a kabari. Shi ya riƙa goya ka a keke zuwa firamare. Shi kuma ya danne maka ƙafafu ranar kaciya, kana kururuwa kana cewa sai ka haɗa shi da soja. Yau ga shi masinja a ofishin da kai ne shugabansa.

Jiya matarsa Asabe ta shigo. Na ga ba ta taɓa furar da aka ajiye mata ba, na san da magana.

Ta ce, "Hajiya, yaronku me Malam ya yi mashi?"

Na ce, "Wane yaro? Ina da su da yawa, duk marasa kunya."

Ta ce, "Wannan kam kunyar ce ta yi mashi yawa."

Ta fara da ranar da ka kama aiki. Wai kun yi kiciɓis a baranda, kai ka zube ka durƙusa don ka ga Baba, shi ma ya zube ya durƙusa don ya ga shugaba. Kai kana "Baba ina kwana," shi yana "Ranka ya daɗe barka da zuwa," kowa na jiran ɗaya ya fara tashi, kun tare hanya. Har wani lauya ya zo wucewa da rigarsa a kafaɗa, ya tsaya a kanku ya ce, "Me ya faɗi, mu taya ku nema?"

Na yi dariya har ƙafar ta motsa. Asabe ba ta yi ba. Ta ce tun daga ranar ba ka taɓa aikensa ko nan da bakin get ba. Ka sa an kawo mashi benci mai jingina, ka sa an juya fanka ta fuskance shi, in ka zo wucewa sai ka sunkuyar da kai ka ce, "Baba, a huta." Fayil ya taso zuwa kotu, sai ka miƙa wa Rifkatu, yarinyar nan 'yar Filato da aka ɗauka don buga takardu, ta bar kwamfutarta ta fita tarar napep. In Rifkatu ba ta nan, kai da kanka, shugaba guda, ka haye bayan ɗan kabu-kabu da fayil a hammata, Baba Ilu na zaune da makullin mashin a hannu yana kallon ƙeyarka. Ta ce kullum da safe sai ya goge rigarsa, ya shafa wa jakar fatar nan tasa mai, ya fita, ya dawo da yamma jakar ko buɗe ta ba a yi ba. Abinci sai ya tsakura ya ture. Da ta yi magana ya ce, "Me na yi da zan ji yunwa?"

Sai kuma babbar. Wai wani fayil ya makara, lauya ya tsaya gaban alƙali ba komai a hannunsa, Darakta ya kira ka ya wanke ka tas, ya tambayi amfanin masinjan da ba ya zuwa ko'ina. Kai kuma, maimakon ka ce kai ne ba ka aikensa, sai ka ce za ka rubuta a mayar da shi wani ƙaramin ofis can wata ƙaramar hukuma, inda aiki bai da yawa, wai ya huta kafin ritaya. Kuma wai kafin makon nan ya fita za ka miƙa takardar.

Mai Sunan Malam, ka ji abin da ya hana ni zama. Mutum ya kusa ajiye aiki da mutuncinsa, a ɗauke shi daga garin da aka haife shi, ya je ya kama hayar ɗaki a ƙauye da furfurarsa, ya bar Asabe da yara, kuma duk Ƙofar Sauri ta san ɗan amininsa ne ya rubuta. Ba don ya yi laifi ba. Don kawai bakinka ya kasa cewa, "Baba, kai wannan."

Ba zan zage ka ba, don ramin nan na riga ka faɗawa, ni har da zane da ɗankwali na faɗa. Labaran duk ka taɓa jin su a tsakar gidan nan kana dariya, yau ka ji su da kunnen shugaba.

Ka san ban yi karatu mai nisa ba. Firamare na gama, aka sa ni koyon tafireta, daga nan na samu aiki a ɗakin buga takardu na lauyoyin gwamnati, lokacin da mace 'yar cikin birni in ta fita ofis sai an leƙo ta katanga. Wadda ta koya mani aikin gaske ita ce Madam Saratu, mutuniyar kudancin Kaduna, mijinta malamin asibiti. Doguwa, ga murya. In na yi kuskure ba ta faɗa, sai ta zare takardar daga tafireta ta ajiye mani a gaba, ta ɗora yatsa a wurin, ta tsaya har in gani da idona. In na zo da mahaifinka, lokacin yana jariri, ya hau rigima, ita ke karɓarsa ta goya, tana bugu tana jijjiga shi.

Shekaru suka tafi, aka yi wata jarrabawar ƙarin girma, na shiga, ita ba ta shiga ba don tana jinyar mijinta. Sai ga takarda, wai ni ce shugabar ɗakin. Ni Kulu, a kan Madam Saratu.

Me na yi? Abin da ka yi, har da iskar. Na matsar mata da teburi kusa da taga. In lauyoyi sun kawo aiki in raba wa yara, nata kason in tura ƙarƙashin nawa, in buga ni kaɗai har yatsuna su kumbura. Ina jin kaina wata 'yar albarka, ina cewa a raina wannan ladabi ko a lahira sai an ambace shi. Ita kuwa ta zo da zare da kwarashi. Ta saƙa hula, ta saƙa safa, ta fara rigar sanyi.

Ran nan ina tsakiyar buga wata doguwar takardar ƙara, sai na ji rim a kan teburina, har kwalbar gam ta kife. Tafiretarta ce ta ɗauko da hannu biyu. Kai ba ka san nauyin irin ta da ba, sai ka ce dutsen niƙa.

Ta ce, "Kulu, ga ta. Ki sa a mayar sito."

Na miƙe na ce, "Madam, lafiya? Ta lalace ne?"

"Ita lafiyarta ƙalau. Mai ita ce ta mutu. Ki aika a gaya wa maigidana ya zo ya ɗauki gawa tun ba ta fara wari ba."

"Subhanallahi, Madam, wace irin magana ce wannan?"

"To in ban mutu ba, me na yi maki? Sata na yi? Idona ne ya tafi? Yaran nan da na koya wa riƙe takarda, yanzu in na shigo sai su yi shiru, suna mani kallon tsohuwar kujera."

Na fashe da kuka na ce, "Wallahi kunyarki nake ji. Ke kika koya mani. Da wane baki zan ce maki buga wannan?"

Ta ce, "Da bakin da kike cin tuwo. Ba ni aikina. In na yi kuskure ki zare ki ajiye mani a gaba, ki ɗora yatsa, yadda na yi maki. In ba za ki iya ba, ashe ban koya maki komai ba."

Na jawo takarda na miƙa mata ina sharar hanci. Ta karɓa, ta ɗauki dutsen niƙanta ta koma, ta kuwa dawo da teburin inda yake da can, cikin yara. Rigar sanyin nan ba ta taɓa ƙarasa ta ba.

Ka ji. Ni ina zaton girma nake ba ta, ashe zane nake kwance mata a gaban yara. Mai aiki in ka hana shi aikinsa, ka sanar da duk ofis cewa ya ƙare, ko da kuwa da fanka da matashi ka yi sanarwar. Kunyar nan da kake ji, ka dube ta da kyau, wa take yi wa daɗi? Kai. Kai ke tsira daga nauyin baki, shi ke komawa gida ya ture kwano. Ni ba maƙiyiyar kunya ba ce, ga shi har yau sunanka ban iya faɗa don na kakanka ne. Amma tawa ba ta taɓa hana kowa cin abinci ba.

Na leƙa, na dawo. Ina muka tsaya?

Kada ka ce daga ranar na yi hankali. Ina! Baki dai ya buɗe, amma sai na koma zagaye-zagaye kamar mai neman aure. Akwai wani masinja, Malam Ɗanbaba, dattijo mai gemu, sa'an babana, shi ke ja mana salla a ofis. Wata safiya lauya ya ba ni fayil ya ce lallai ya isa kotu kafin alƙali ya zauna. Na ɗauka na je na durƙusa gaban Malam Ɗanbaba. Na gaishe shi, na tambayi iyali, na tambayi gona, na tambayi jakinsa da na ji an ce ba ya jin daɗi. Sannan na ajiye fayil a gefensa na ce, "Malam, wannan fayil kuwa ina jin yau ake nemansa a kotu."

Ya shafa gemu ya ce, "Allah sarki. Allah ya sa a dace."

Na ce, "Amin." Na tashi na tafi, wai ni na yi aike.

Shi kuwa bawan Allah ya ɗauka labari na ba shi, ajiya na bar mashi. Ya tura fayil ƙarƙashin buzunsa don kada wani ya taka, ya tsare shi da amana har aka kira azahar.

An daɗe ana ba da wannan ana dariya, ni ma ina yi. Amma akwai inda dariyar ke tsayawa. Fayil ɗin na wani mutum ne da ke tsare a gidan yari yana jiran a duba maganarsa. Da takardu ba su zo ba, alƙali ya ɗage zama, aka mayar da shi cikin mota. Na ga matarsa a bakin ofis da goyo, tana tambayar masu gadi ko nan ne ake ajiye takardun mutane. Ba ta san ni ba, har gaishe ni ta yi.

Ofishinku ba kamar sauran ba ne, Mai Sunan Malam. Kowane fayil da mutum a ciki: wani a tsare, wata na jiran a raba mata gado, wani gonarsa ce ake ja. Lauyoyi su ke magana a kotu, amma ƙafafunsu da hannuwansu ku ne. In ƙafa ta tsaya tana jin kunya, wani ne can zai ƙara kwana inda ba ya so. Wanda fayil ɗinsa ya makara a hannunka, ka tambayi ko wane ne? Ka tambaya. Don haka in za ka yi aike, yi shi a fili: ga abin, ga inda za shi, ga wanda za a danƙa wa, ga lokacin da ake son sa, ga abin da za a dawo da shi. Ladabin a murya za ka sa shi, kada ka naɗe saƙon a cikinsa har ya ɓace.

Daga nan kuma sai na zarce ɗaya gefen, don kakarka ba ta san tsakiya ba. Na ce ai ladabi ne ya cuce ni, daga yau na ajiye shi. Na sayi takalmi mai ƙwas-ƙwas, na koyi tsayawa a baranda ina kira. Ran nan a gaban lauyoyi da baƙi na ɗaga murya, "Kai, direba! Zo nan!" Direban nan Malam Sani ne na Ƙofar 'Yandaka, mai 'ya'ya sa'annina, wanda ke rage mani hanya in ruwa ya tsare ni. Ya zo, ya karɓi aiken, ya tafi.

Washegari na shigo na ce, "Ina kwananku?" Aka ce, "Lafiya." Shi ke nan. Ba "ya gida," ba "ya yara," ba "ya Malam," ba "ya gajiyar jiya." Kai ɗan Katsina ne, ka san mutum ya amsa maka gaisuwa da kalma ɗaya gara ya mare ka. Masu shara, masu gadi, har mai kawo ƙosai, kowa "Lafiya." Kuma aka daina gaya mani komai. Da can kafin tayar mota ta bar mu a hanya na ji, kafin takardar bugu ta ƙare an faɗa mani, in lauya ya taso daga gida da fushi mai shara ta riga ta raɗa mani. Yanzu sai abu ya fashe a hannuna nake sani. Ba wanda ya ƙi aike, ba wanda zan kama da laifi, amma na zama baƙuwa a ɗakin da nake shugabanta.

Na kai ƙara wajen kakanka, Allah ya jiƙansa. Yana alwala, bai ko ɗago ba, ya ce, "Shi mutumin ba ya da suna ne?" Ranar Asabar na ja mayafi na tafi Ƙofar 'Yandaka har gida, na gaida matarsa, na ce a yi mani sallama da Malam Sani. Ya fito, na ba shi haƙuri. Ya ce, "Malama Kulu, aike ba ya mani ciwo, don shi na fito daga gida. Sunana kawai nake so ki haɗa da shi."

Na faɗa maka wannan ne don na san jinina. In ka gama karanta takardar nan zuciya ta ɗebe ka, kana iya fita baranda ka hau daka wa mutane tsawa don a san kai ne. Kada ka fara. Kuma takalmi mai ƙwas-ƙwas ba zai yi maka kyau ba, ƙafafunka irin na kakanka ne.

To ga abin da na tsinta bayan na faɗi gaba na faɗi baya. Ka tare shi da safe a bakin get, inda yake kafe mashin. Nan kai ɗa ne. Durƙusa har ƙasa in ka ga dama, ka tambayi Asabe, ka tambayi yara, ka bari ya sa maka albarka, kowa ya gani, har lauyan nan mai taya nema. Kana tsallake ƙofar ofis, miƙe. Shi ya san bambancin, ya riga ka sani, ya yi wa shugabanni da yawa aiki, wasunsu ma ba su kai ka gemu ba. Durƙuson da ya yi ranar farko kada kanka ya kumbura, ba kai ya yi wa ba, kujerar ya yi wa. In ya ƙi dainawa ka ja shi gefe ka ce, "Baba, na ɗauke maka naka a cikin ofis, ka ɗauke mani nawa, mu haɗu a get." Zai yi dariya, kuma zai yarda.

Ita kuma Rifkatu, ka je har teburinta ka ba ta haƙuri, ka mayar da ita kan kwamfutarta. Yarinyar nan ba ta da kawu a garin nan, ba ta da kakar da za ta rubuta takarda dominta. Tana shan rana da fayil, ɗan unguwarku na shan fanka. Kana tsammanin ba a magana? Ana yi, sai dai in ka shigo a yi shiru. Yau za a ce ɗan unguwarsu ne, gobe a ce ɗan garinsu ne, jibi a ce wani abin da ya fi wannan muni, irin wanda in ya shiga ofis ba ya fita da sauƙi. Ni da Madam Saratu mun yi shekaru, ita ta tsare mana ɗaki ranar Salla, mu mu tsare mata lokacin Kirsimeti, ba a taɓa jin kanmu ba, don kowa na ganin kayan kowa a kansa. Ka riƙa raba aikin safe a gaban kowa, da ƙarfi, kowa ya ji nasa ya ji na ɗan'uwansa.

Darakta kuwa, ka koma ka same shi ka ce masinjanka lafiyarsa lau, kai ne ba ka aike shi ba. Zai ƙara wanke ka. Ba komai, tun kana yaro ba ka son wanka, ga shi ba ka mutu ba. In kuma wata rana Baba Ilu ya yi kuskure, don zai yi, ɗan Adam ne, ka kira shi ciki, ka tura ƙofa, ka ajiye mashi abin a gaba ka ɗora yatsa. Kada ka share don Baba ne, kada ka tona a baranda don a ce ba ka da son kai.

Yanzu dalilin leƙen zaure. Da hantsin nan ina tunanin wa zan samu ya kai maka saƙo, sai na ji sallama. Baba Ilu ne, riga a goge, jaka a rataye.

Na ce, "Ilu, yau ba aiki?"

Ya ce ya je, ya zauna, zaman ya ishe shi, ya ce bari ya zo ya gaishe ni.

Na ce, "Ka nemi izini?"

Ya yi 'yar dariya ya ce, "Hajiya, da bencin ne ya tashi ya fita, da an fi saurin lura."

Bai kawo ƙararka ba. Na ja shi ta nan, na ja shi ta can, ka kuwa san ni wajen jan baki, abin da ya ce kawai, "Yaro ne mai ladabi, Allah ya yi mashi albarka." Sai can, yana kallon ƙasa, ya ƙara, "Da ma dai a bar ni in ƙarasa a nan."

Sai tsiyata ta motsa. Na ce, "Ilu, zan aike ka."

Mai Sunan Malam, da ka ga mutumin nan. Ya miƙe zumbur, ya goge tafin hannu a riga, ya gyara hula, ya jawo jakar gaba ya buɗe ta. "Ina za a kai, Hajiya? Wa za a ba? A jira amsa?" Na ce ya zauna sai na rubuta. Tun ɗazu yana can, ko ruwa ya ƙi sha, ina jin ƙarar makullin mashin yana juya shi a yatsa. Duk leƙen da na yi sai ya yunƙura ya ce, "An gama?"

Na ce mashi takardar gaggawa ce, hannu da hannu, kuma ya tsaya sai an ba shi amsa. Don haka a daidai lokacin da idonka ke kan layin nan, yana tsaye gaban teburinka ko a bakin ƙofa, hannu a baya.

Kada ka rubuto mani komai, ba na son "To Hajiya" ko a takarda. Duba teburinka. Na san akwai fayil mai jiran tafiya, ofishin lauyoyi ba ya rasa shi. Ɗauka. Miƙa mashi, ka gaya mashi inda za a kai. Ita kuwa waccan takardar ta canjin wuri, ka ba mai ƙosai ta naɗe wa wani.

Amsar da nake jira ita ce ya biyo ta nan da yamma, gumi ya jiƙa rigar nan mai guga, in ce ya shigo ya sha ruwa, ya ce, "A'a Hajiya, ba zan zauna ba, yau yaron nan naki ya gajiyar da ni." In na ji haka, aurenmu na nan daram. In ban ji ba, ka aiko mani da takardar sakina, kuma ita ma Baba Ilu za ka ba ya kawo.

Allah ya tsare ka, ya tsare duk wanda ke jin aiki daga bakinka, ya tsare Baba Ilu a kan mashin ɗin nan nasa da ba ya jin birki. Allah ya kiyaye ka daga zaluntar wani da sani ko da rashin sani, ya sa ranar da za ka bar kujerar nan ana sa maka albarka har bakin get. Ya jiƙan mahaifinka da mai sunanka. Ka riƙa cin abinci, ka riƙe sallarka, ka zo Juma'a in ga ko ka rame. Wassalamu alaikum.

Ni ce uwargidanka,
Hajiya Kulu.

To, ninke ta haka nan. Ɗaga kai, yana jira.